Sirrin Coca-Cola: To Ina Goron Ya Shiga?

Akwai labarin da ya ƙi tsufa a majalisun unguwar nan, yanzu ma har ya koma waya ana ta tura wa juna. Wai haɗin Coca-Cola mutum biyu kacal suka san shi a duniya, kowanne ya san rabi, ba sa hawa jirgi ɗaya, takardar kuma tana kulle a wani ɗakin ƙarfe a Amurka. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa ya yi kasuwa. A matsayin talla na sara masa. A matsayin tarihi kuwa, tankaɗe shi aka yi aka zubar da tsakin, kuma a cikin tsakin nan ne abin da ya shafe mu yake.

Ɗakin ƙarfen dai gaskiya ne. A 1919, lokacin da Ernest Woodruff da abokansa suka sayi kamfanin kan dala miliyan 25, an ba da takardar haɗin jingina a wani banki a New York. A 1925 aka mayar da ita wani bankin a birnin Atlanta, ta zauna can har 2011, sannan kamfanin ya ɗauke ta zuwa gidan tarihinsa, inda baƙi ke biyan kuɗin shiga su ga ƙofar. Ƙofar fa kawai. Jama'a, wane mai sirri ne yake yanka tikiti a zo kallon makullinsa?

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka soma. John Pemberton mai haɗa magunguna ne, tsohon soja da aka sara da takobi a ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865, ya kamu da shan maganin kashe zafi na mofin, ya kasa bari. Abin da ya fara sayarwa giya ce da aka jiƙa ganyen koka a ciki, kwaikwayon wata ta Faransa mai suna Vin Mariani. Da aka kafa dokar hana giya a Atlanta, sai ya cire giyar ya zuba sukari, a 1886 aka fara sayar da abin a kantin magani, kofi ɗaya senti biyar, a matsayin maganin ciwon kai da gajiya. Ganyen kokan nan shi ne wanda ake fitar da hodar iblis daga jikinsa, kuma akwai ɗan burbushinta a cikin lemon har wajen 1903. Pemberton bai ci moriyar abin ba, ya rasu a 1888 cikin talauci bayan ya sayar da haƙƙinsa gutsure-gutsure. Asa Candler ne ya tattara su ya yi arziki. Wanda yake son wannan tarihi ba kwaskwarima, littafin Mark Pendergrast, For God, Country and Coca-Cola, na 1993, ya fi duk bidiyon da ke yawo, duk da cewa yana da kauri kuma ya cika dogon zance kan rigingimun manajoji.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya. Sunan nan kashi biyu ne. Na farko ganyen koka na Kudancin Amurka, na biyu kuwa goro. E, goron nan dai da kakanninmu suka yi ta takawa zuwa Gwanja dominsa da ayarin jakuna, wanda daga baya ya zaunar da iyayen da yawa daga cikinmu a Shagamu da Ibadan da Agege, suna ɗaure huhu suna lodawa Arewa. Pemberton ya sa shi ne saboda sinadarin kafin, wanda ke kore barci, abin da kowane direban tirela a garejin nan ya sani ba tare da ya shiga aji ba. Akawunsa Frank Robinson ne ya raɗa sunan, ya kuma rubuta shi da wannan lanƙwasasshen rubutu da ke jikin kwalba har yau.

Amma goron bai daɗe da daraja a cikin haɗin ba. Tun a 1909 gwamnatin Amurka ta kama ganguna 40 da ƙananan tuluna 20 na ruwan haɗin, ta kai ƙara, kuma cikin tuhumarta har da cewa sunan yaudara ne, domin babu koka a ciki, goro kuma in ma akwai to bai taka kara ya karya ba. Shari'ar ta kai kotun ƙoli a 1916, daga baya aka sasanta, kamfanin ya rage kafin. Ɗauki kwalba yau ka karanta abin da aka jera, ba za ka ga goro ba. Lemon da ake sayarwa a ƙasashe sama da 200 yana yawo da sunan hajarmu, amma ka tambayi dillalan goro na kasuwar nan ko an taɓa zuwa neman ƙwarya ɗaya da sunan kamfanin. Ban ce an yi mana sata ba, suna ba na kowa ba ne. Sai dai masu ba da labarin suna da lokacin jirgin sama da makulli, ba su da minti ɗaya na faɗin inda rabin sunan ya fito.

Cewa haɗin bai taɓa canjawa ba tun 1886, wannan kam ko a tatsuniya sai an yi gyaran murya. An cire hodar iblis, an rage kafin, a Amurka an bar sukarin rake an koma ruwan zaƙin masara a shekarun 1980. A 1985 ma da kansu suka sauya ɗanɗanon gaba ɗaya bayan gwaji a bakin mutane kusan 200,000, jama'a suka yi bore, cikin kwana 79 aka dawo da tsohon. Bakin mutane ya ce sabon ya fi daɗi, zuciyarsu ta ce ba ta yarda ba. Ashe sabo ake saye.

Kuma sirrin ba wani sirri can ba ne. Pendergrast ya buga wani tsohon haɗi da ya samo, wani shirin rediyo a Amurka ya fito da makamancinsa a 2011: man ɓawon lemon zaƙi da na tsami, kirfa, gyaɗar ƙamshi da 'yan uwansu. Kamfanin ya ce ba shi ba ne, kuma ba wanda ya karye. Ko an ba ka takardar a hannu, ina za ka samu ganyen kokan da aka wanke, wanda masana'anta ɗaya ce a New Jersey ke da izinin sarrafa shi? Ina motocin rabawa, ina firij a kowane lungu?

Zan yi musu adalci a wuri ɗaya. Ɓoye haɗi ba laifi ba ne, mai tsiren bakin titi ma ba zai faɗa maka abin da ke cikin yajinsa ba. Da sun yi rajistar mallakar fasaha, dole su bayyana komai, bayan 'yan shekaru kowa ya kwafa. Dabarar kasuwa ce, kuma sun riƙe ta da gaske, har suka bar Indiya a 1977 da gwamnati ta matsa musu, ba su koma ba sai 1993.

Abin da ya fi damuna shi ne inda labarin ke karkatar da ido. Tun 1953 ake cika wannan lemo a Legas, yau babu suna ko biki a unguwar nan da ba a jibge shi, har yaron goye ana ɗura masa. Muna ta muhawara kan ɗigon ƙamshin da aka ɓoye, alhali babban abin da ke ciki bayan ruwa an rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin roba: sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100. Robar 50cl ke nan ta kai giram 50, ƙaramin cokali goma sha biyu, kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babban mutum ya sha a yini guda. Masu ciwon suga a gidajenmu ba sai an ƙirga su ba. Wannan lissafin ba a kai shi ɗakin ƙarfe ba, da ƙananan baƙaƙe dai aka buga shi a bayan roba, gefen da ba a nunawa a talla.