Ganga Ba Ta Jiran Baƙon Lahadi

Mashayun ƙauyukan Ingila suna rikiɗewa zuwa gidajen abinci, kuma galibin masu sharhi tafi suke yi wa lamarin. Hujjarsu ita ce da a rufe wuri gara a sauya masa sana'a. Alƙaluma ma suna goya musu baya, domin a shekarar 2000 mashayun Birtaniya sun haura 60,000, yau kuwa suna wajen 45,000. Ni dai ina ganin gini da allon suna ake cetowa, zaman jama'ar da aka gina wurin dominsa kuwa yana zurarewa.

Ba na shan giya, addinina ya hana, kuma ba tallarta na zo yi ba. Amma duk wanda ya zauna a Ingila ya san ba a gane ƙauyen Bature sai an leƙa coci da mashaya, kuma ta biyun ta fi jama'a nesa ba kusa ba. Can 'yan wasan kurket ke taro, can ake komawa bayan an binne mamaci, can manomi ke jin wanda zai sayar da tumaki. Mai yawon ƙafa yakan shigo da taɓo a takalmi ya zauna gefen murhu da shayi ko lemo, ba mai ɗaga masa gira.

Abin da zai gaya maka ko wurin yana raye shi ne giyar da suke kira ta ainihi, ko da ba za ka taɓa kai ta baki ba. Ita ba a gasa ta da zafi don kashe yistin cikinta, ba a kuma cusa mata iskar gas. Da sauran aikinta take baro masana'anta, sai ta ƙarasa nuna a cikin ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashayar, inda sanyi ke tsayawa tsakanin digiri 11 da 13. Mai mashaya zai kwantar da gangar ta huta, ya soka mata ɗan turken katako ta yi numfashi, ya jira gurɓin ya kwanta, sannan ya jawo ta sama da famfon hannu. Gangar da aka fi amfani da ita galan 9 take ci, wato kofi 72, kowane kofi ya ɗan haura rabin lita. Da an fara ɗiba iska ta shiga, kuma bayan kwana uku ko makamancin haka sai ta fara tsami. Kusan halinta ɗaya da burukutu, wanda shi ma ba ya jure ajiya.

Lissafin a fili yake: kowace ganga tana bukatar a sha mata kofi 24 a yini, Talata kamar Asabar. Wa zai sha? Ba baƙon da ya tuƙo mota daga birni ran Lahadi don cin gasasshen naman sa ba. Shi tun 1967, lokacin da ministar sufuri Barbara Castle ta kawo na'urar gwajin numfashin direbobi, kofi ɗaya ne iyakarsa in yana da hankali. Masu shanye gangar su ne mutanen gari da ke takowa da ƙafa da maraice, su yi hira, su koma gida. Idan ka ga famfo huɗu a kan kanta amma ɗaya kaɗai ke aiki, 'yan gari sun daina zuwa.

An taɓa ceto wannan giya sau ɗaya. A 1971 wasu samari huɗu 'yan Ingila da ke hutu a Ireland suka kafa ƙungiyar CAMRA, saboda manyan kamfanoni shida sun mamaye kasuwa da giyar da aka kashe aka ɗura wa gas, irin su Watneys Red Barrel. Ƙungiyar ta yi nasara ƙwarai, ƙananan masana'antu suka farfaɗo. Sai dai wancan faɗa da kamfani aka yi. Na yanzu da kujerun da ba kowa a kansu ake yi, kuma ya fi wuya.

Ban ga laifin mai mashaya da ya koma dogaro da tukunya ba. A 1989 gwamnatin Thatcher ta tilasta wa manyan masu yin giya su saki dubban mashayu, da nufin buɗe kasuwa. Sai wasu kamfanonin gidaje suka kwashe su da kuɗin bashi, suka ɗora wa 'yan haya sharaɗin sayen giya a wurinsu kaɗai, a farashin da ya fi na kasuwa. A 2007 aka hana shan taba a ciki. Manyan kantuna kuma suna sayar da giyar gwangwani da arha. Mutumin da aka matse haka, in ya ga riba a faranti, dole ya bi.

Kuma a faɗi gaskiya, abincin mashaya na dā ba abin kewa ba ne. Har farantin burodi da cuku da albasa da ake ce wa abincin ranar mai huɗa, wanda baƙi ke ɗauka gadon kaka da kakanni ne, masu tallar cuku da madara ne suka yayata shi a shekarun 1950 da 1960. Da David Eyre da Mike Belben suka karɓi mashayar The Eagle a Landan a 1991 suka fara girki na gaske a bayan kanta, alheri suka yi. Daga nan abin ya bazu ƙauyuka: Stagg Inn da ke Titley ta zama mashaya ta farko da ta sami tauraron Michelin, lambar yabon girki, a 2001, Hand and Flowers ta Tom Kerridge a Marlow ta sami biyu a 2011.

Inda nake ja da masu tafi shi ne ɗan katin nan da ake ajiyewa a kan tebur, mai nuna an riga an kama wurin. Ka shiga wata mashayar da ƙarfe shida, kowane tebur an jera masa cokula da wuƙaƙe da kati, babu ko ɗaya da aka bar wa wanda hira kawai ta kawo shi. Tsohon da ya shekara arba'in yana zama kusa da murhu da karensa sai ya tsaya a tsaye bakin kanta, ma'aikata suna ratsa shi da faranti. Ba wanda ya kore shi, amma ba zai yi sati yana haka ba. Irin wannan wuri yakan rufe Litinin da Talata, tunda baƙi ba sa zuwa, kuma a ranakun ne ɗan gari da ke zaune shi kaɗai ya fi bukatar inda zai ga fuskar mutane.

Akwai wata hanyar. A Hesket Newmarket da ke Cumbria, mutum fiye da ɗari suka haɗa kuɗi a 2003 suka sayi mashayar Old Crown. A Hudswell da ke arewacin Yorkshire, George and Dragon ta rufe a 2008, 'yan gari suka sayi hannun jari suka sake buɗe ta a 2010, suka sa mata ɗan kanti da ɗakin karatu da filayen lambu, har CAMRA ta zaɓe ta mashayar da ta fi kowacce a ƙasar ta shekarar 2016. Ana girki a can, amma girkin bai ci teburin hira ba, domin masu wurin su ne masu zaman.

Dokar 2011 ta ba al'umma damar yi wa mashayarsu rajista a matsayin kadarar jama'a, ta yadda in za a sayar za a dakata wata shida su nemi kuɗi. Sai dai dokar ba ta tilasta wa mai gini ya sayar musu ba, ko sun kawo kuɗin. Ƙauyen da ke da akantoci da lauyoyi masu ritaya zai iya haɗa dubban ɗaruruwan fam cikin wata shida. Tsohon ƙauyen masu haƙar kwal a Durham da wuya ya iya, kuma mai son mayar da ginin gidajen kwana yana tsaye da kuɗinsa a hannu.