Fasa Kwanso Don Neman Ƙarin Maki

A birnin Sarasota na jihar Florida a Amurka akwai kamfanin CGC, wanda tun shekarar 2000 sana'arsa ita ce duba lafiyar mujallun labaran zane, irin na su Superman da Spider-Man. Ƙwararru za su duba bango da kusurwoyi da launin takarda, su yanke maki daga 0.5 zuwa 10, sannan a kulle mujallar ruf cikin kwanson roba, da tambari a samansa. Makin nan kuɗi ne tsagwaronsa. A watan Afrilun 2024 an yi gwanjon fitowar farko ta mujallar Action Comics mai maki 8.5 a kan dala miliyan 6.

Shi ya sa mai 9.6 ba ya rasa kwaɗayin 9.8. Hanyar da aka saba bi ita ce a fasa kwanson, a yi wa mujallar guga da zafi da 'yar laima har ƙananan lanƙwasa su kwanta, a sake aikawa. CGC ba ya lissafa guga a matsayin kwaskwarima, wadda ita tambarinta shunayya ne kuma tana karya farashi. Hasali ma kamfanin yana da nasa sashen guga.

Inda gizo ke saƙar shi ne mujallar da marubuci ko mai zane ya sa wa hannu. Tambarin ruwan ɗorawa ba ya samuwa sai wakilin kamfanin ya ga an sa hannun da idonsa, kuma mujallar ta isa wurin dubawa ta hannun waɗanda kamfanin ya amince da su. Wato abin da mai saye ke biya shi ne shaidar, ba tawadar kaɗai ba. Duk ranar da mai ita ya fasa kwanson a ɗakinsa, igiyar shaidar ta tsinke. Shekara da shekaru, makomar irin wannan mujalla ita ce koren tambari, mai nuna akwai rubutun da kamfanin bai tabbatar ba. Idan kuwa hannun marubuci Stan Lee ne, wanda ya rasu a Nuwamban 2018, ina za a same shi ya sake? Don haka masu hankali ke aika kwanson yadda yake, a bar kamfanin ya buɗe da kansa.

An samu sassauci daga baya. Kamfanin CBCS, wanda Steve Borock, tsohon babban mai duba na CGC, ya kafa a 2014, ya shigo da tantance sa hannun da ba a shaida ba. A 2024 uwar kamfanin CGC ta sayi JSA, masu tantance sa hannu, aka fito da wani tambari na daban. Sai dai “na gani” da “na gwada, ya yi kama” ba ɗaya ba ne, kuma tamburan biyu suna faɗin hakan.

Sake aikawa caca ce. Maki yana iya hawa, ya tsaya inda yake, ko ya sauka, domin mutum ne ke dubawa, kuma idon yau ba lallai ya ga abin da na jiya ya gani ba. Zafin guga ma abin tsoro ne ga tawadar azurfa ko ta fenti da wasu masu zane ke so.

Akwai kuma ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba. CGC yana da ƙidayar kwafi nawa ya ba kowane maki, kuma masu saye da ita suke auna ƙarancin mujalla. Wanda ya fasa kwanso ya jefar da tsohon tambari ya sa kwafi ɗaya ya zama biyu a lissafi. Wannan cutar da na baya ne, kuma maganinsa ba wuya: duk mai sake aikawa ya haɗa da tsohon tambarin, a goge lambarsa daga ƙidayar.