Taswira ko Maki: Nazari kan Littattafan Jagora ga Gonakin Inabi

Rubuta littafin jagora kan giyar inabi da yankunan da ake noma ta al'ada ce da ta haura shekara 200 a Turai, domin tun a 1816 André Jullien, wani ɗan kasuwar giya a birnin Faris, ya bi gonakin inabin da aka sani a zamaninsa ya jera su daraja-daraja. A 1855 dillalan Bordeaux suka kasa manyan gidajen jar giyar yankinsu aji biyar bisa farashin da suke ci a kasuwa, kuma jerin bai ga babban sauyi ba sai a 1973, da aka ɗaga Mouton Rothschild zuwa aji na ɗaya. A zamanin baya-bayan nan fannin ya rabu gida biyu: Hugh Johnson ɗan Ingila ya fitar da The World Atlas of Wine a 1971, littafin da ginshiƙinsa taswira ce, shi kuwa Robert Parker, wani lauya ɗan Amurka, ya kafa mujallar da ta zama The Wine Advocate a 1978, inda ya riƙa ba kowace kwalba maki tsakanin 50 da 100.

Sukar da aka fi yi wa littafin taswira ita ce ba ya gaya wa mai kuɗi a hannu wacce kwalba zai ɗauka, alhali maki yana yanke hukunci nan take. Wannan suka ba ta da nauyi, don maki labarin harshen mutum ɗaya ne a rana ɗaya. Rikicin da aka yi a 2004 kan giyar Château Pavie ta kakar 2003 ya isa shaida: Parker ya kai ta kusa da ƙololuwar ma'auninsa, mai sharhin giya Jancis Robinson kuwa ta ba ta 12 cikin 20, kuma mai karatun da ya riƙe lambobin biyu bai ƙaru da komai ba game da dalilin saɓanin.

Gwanintar Johnson tana fitowa fili a taswirar Côte de Nuits da ke Burgundi, inda ya haɗa abu uku a shafi guda: layukan da ke nuna tsayin ƙasa, launukan da ke bambanta matsayin gonaki a doka, da iyakar kowace gona da sunanta. Wanda ya bi launi mafi duhu da ido, wato na grand cru, matsayin da ya fi kowanne, zai ga ya miƙe siriri a tsakiyar gangaren da ke fuskantar gabas, ba a kan tudu ba inda ƙasa ba ta da kauri kuma sanyi ya fi tsanani, ba kuma a gindinsa ba inda laka ke riƙe ruwa. Da haka abin da Faransawa ke kira terroir, wato haɗuwar ƙasa da gangare da yanayi da ke ba amfanin gona ɗanɗanon wurinsa, ya tashi daga matsayin kirari ya zama abin da ake gani a auna. Abin da ya fi wannan armashi shi ne yadda taswirar ke tona asirin dokar da take zanawa. Clos de Vougeot, gona mai katanga wadda sufayen ɗariƙar Cistercian suka kafa, tana da kusan hekta 50, kuma doka ta ba ta matsayin grand cru daga sama har ƙasa, amma layukan tsayi suna nuna gindinta ya sauko har bakin babbar hanya, a shimfiɗaɗɗen wurin da gonakin maƙwabta ba su samu wannan girma ba. Idan aka ƙara da cewa wajen mutum 80 ne ke da rabo a cikinta, sai a gane suna ɗaya a jikin kwalba ba ya nufin abu ɗaya a ciki.

Gaskiya ne taswira ba ta nuna hannun manomi, shi ya sa ake haɗa ta da The Oxford Companion to Wine, kundin da Robinson ta tace a 1994 kafin ta shiga aikin taswirar a bugu na biyar a 2001. Amma wannan giɓi bai rage komai ba daga ainihin matsayin littafin taswirar, wanda na ilimin ƙasa da noma ne kafin ya zama na sha, har ma wanda addininsa ya haramta masa giya, kamar akasarin masu karanta Hausa, zai iya karanta shi don sanin yadda gado da doka da kasuwa suke yanka ƙasar noma. Bugu na takwas, na 2019, ya ware wa sauyin yanayi fili, kuma tarihin girbin garin Beaune da ke Burgundi, wanda ya faro daga 1354, ya nuna cewa tun 1988 ana tsinkar inabi kusan mako biyu kafin lokacin da aka saba a ƙarnonin baya, abin da ya sa gonakin saman tudu da aka daɗe ana rainawa saboda sanyi suka fara samun masu nema.