Jaridu da Rediyon Birnin Yamai: Da Wa Suke Magana?

Birnin Yamai ya zama babban birnin Nijar tun shekarar 1926, a cikinsa ne kuma kusan dukan jaridun ƙasar da manyan gidajen rediyo da na talabijin suke zaune. Abin da aka rubuta ko aka faɗa a bakin kogin Isa da safe, kafin rana ta faɗi ya kai Maraɗi da Damagaram. Saboda haka ya kamata mai bi ya san tarihin waɗannan kafofi, ya kuma auna aikinsu da ma'auni na gaskiya, gama abin da suke faɗa, da abin da suke yin shiru a kansa, yakan taɓa zaman lafiyar Ikkilisiya.

Shekara talatin na farko bayan samun mulkin kai a 1960, murya ɗaya ce tak ake ji a Yamai, watau muryar gwamnati. An buɗe Rediyo Nijar a 1958. A zamanin Shugaba Diori Hamani jaridar gwamnati ita ce Le Temps du Niger. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, sai aka sake wa jaridar suna ta zama Le Sahel, rediyon kuwa ya zama La Voix du Sahel, wato Muryar Sahel. Sunaye sun sāke, aikin bai sāke ba: a yabi shugaba, a karanta sanarwar hukuma. Duk da haka akwai abin kirki guda da ba za a manta ba. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo, inda manoma da makiyaya suke taruwa su ji shiri cikin harshensu, a ɗauki muryarsu a mai da ita Yamai. Wannan dabara ta nuna tun da wuri cewa mutanen Nijar da kunne suke karɓar labari.

A ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy. A watan Mayu na wannan shekara Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské, jarida mai zaman kanta wadda ta buɗe ƙofar sabon zamani. A 1991 Maman Abou ya kafa Le Républicain. Grémah Boucar kuwa shi ne ya fito da Anfani. Waɗannan jaridu sun yi ƙarfin hali. Sun buga abin da a dā sai a cikin ɗaki ake raɗawa, wasunsu kuma sun raka Taron Ƙasa wanda ya zauna daga Yuli zuwa Nuwamba 1991. Wanda ya hana su wannan yabo bai yi adalci ba.

Amma ga inda gizo yake saƙa. Haské da Anfani sunayen Hausa ne, abin da ke cikinsu kuwa Faransanci ne daga shafin farko har na ƙarshe. A ƙasar da manyan da suka iya karatu ba su kai rabi ba, waɗanda suka iya karanta Faransanci kuma ba su kai haka ba, jaridar Yamai ta zama hira tsakanin ma'aikatan gwamnati da 'yan siyasa da malaman jami'a. Mai sayar da albasa a Katako da mai wanki a bakin kogi, da Hausa da Zabarmanci suke ciniki, da su suke addu'a, amma jaridar garinsu ba ta magana da su. Akwai 'yan jaridun yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa, irin su Gangaa, sai dai na hukuma ne, ba su kuwa zama abin da ake saye kullum a bakin titi ba.

Rediyo ne ya cike wannan giɓi. A 1994 aka buɗe R et M, gidan rediyo mai zaman kansa na farko a Yamai, sa'an nan Anfani da Ténéré da Saraounia suka biyo baya, a 2000 kuma Ténéré ta buɗe talabijin. A waɗannan gidaje ne talaka ya fara jin muhawara cikin harshensa, har ya buga waya ya faɗi damuwarsa. Masu mulki sun fi tsoron wannan fiye da takarda, abin da ya faru kuwa ya shaida haka. Sojoji sun rufe Rediyo Anfani a 1996, a 1997 wasu masu kakin soja suka farfasa kayan aikinsa. Moussa Kaka na Rediyo Saraounia ya zauna a kurkuku daga Satumba 2007 zuwa Oktoba 2008 saboda hulɗarsa da 'yan tawayen arewa a bakin aikinsa.

Laifi na biyu na aljihu ne. Yawancin jaridun Yamai mako-mako suke fita, masu saye kaɗan ne, masu ba da talla kuma ba su da yawa. Ɗan jaridar da albashinsa ba ya isarsa yakan dogara ga kuɗin mota da mai kiran taro zai ba shi. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Shi ya sa shafi bayan shafi zancen wane ya zagi wane ne a cikin jam'iyya, amma ambaliyar da take cinye gidaje a unguwannin bakin kogi sai ta yi ɓarna ake tunawa da ita. Ƙananan jama'u kuwa, har da Kirista, ba safai ake jin labarinsu ba sai ran Kirsimati da Ista.

An ga sakamakon wannan shiru a Janairu 2015. Bayan wata mujallar Faransa, Charlie Hebdo, ta buga zanen da ya ɓata wa Musulmi rai, tarzoma ta tashi a Damagaram ran 16 ga wata, kashegari ta kama Yamai. 'Yan sanda sun ce an ƙone majami'u 45 a Yamai, mutum 10 kuma suka rasu a biranen biyu. Kiristan Nijar ba su da hannu a zanen, bai kuwa kamata a ce jarida ko rediyo ne suka kunna wutar ba. Amma shekara ashirin da biyar na 'yancin magana ba su isa su koya wa yaron unguwa cewa mai zuwa majami'ar nan ɗan ƙasa ne, Bahaushe ko Bazabarme ko Bagurme kamar kowa ba. Da malaman Musulunci suka fito a talabijin na ƙasa suka yi kira a kwantar da hankali, an ga amfanin magana mai kyau cikin harshen da jama'a suke ji. Da an riƙa yin irinta tun kafin ranar, da ya fi.

'Yancin ma ba abin dogara ba ne. A 2010 aka soke hukuncin ɗauri a kan laifin aikin jarida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an dakatar da RFI da France 24 a watan Agusta, a 2024 aka mai da hukuncin ɗauri a kan abin da mutum ya rubuta a intanet, a Disamba na wannan shekara kuma aka dakatar da BBC wata uku. Duk lokacin da aka rufe bakin da aka san mai shi, ji-ta-ji-ta ta wayar hannu takan hau kujerarsa, ita kuwa ba ta da edita. A Maris 2025 sabon kundin mulki ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Doka kaɗai ba ta buga jarida. Sai an sami masu rubutu, da masu saye, da izinin faɗin gaskiya.

Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Ikkilisiya tana da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa tun 1932, masu bi kuma sun daɗe suna koyon karatu da shi a Tsibiri da Galmi da Maraɗi. Watau tana da jama'ar da suka iya karanta Hausa tun kafin a haifi Haské. Amma shirye-shiryenta na rediyo yawancinsu wa'azi ne da waƙa, 'ya'yanta kaɗan ne ta ƙarfafa su shiga aikin labarai. A ranar Fentikos kowa ya ji maganar cikin harshen da aka haife shi da shi, dokar da ta hana shaidar zur kuma ta shafi mai tura saƙo a waya kamar yadda ta shafi mai tsayawa gaban alƙali. Ikkilisiyar Yamai za ta yi wa birninta hidima in ta horar da samari da 'yan mata masu bincike kafin su yi magana, masu rubuta labarin maƙwabci Musulmi da adalcin da suke so a yi musu, cikin Hausa da Zabarmanci.