Giwa a Ƙarƙashin Harafin E

Akwai wata takardar bango da ake sayarwa a kasuwar Jega, wajen masu littattafai da kalanda. Mai sheƙi ce, ɗauke da haruffan Turanci 26, kowanne da hotonsa, yawanci na dabba. Irinta ce ake mannawa a azuzuwan ƙananan yara a Jega da Aliero da Maiyama. Mun sayi ɗaya muka manna a zaure, sannan muka nuna wa 'yar ƙanwarmu mai shekara huɗu hoton da ke ƙarƙashin E. Ta ce giwa. Na ƙarƙashin L, ta ce zaki. Na D, kare. Duk ta faɗi gaskiya, amma a wurin takardar ba ta ci ko ɗaya ba.

Dabarar kanta ba ta da laifi, kuma tsohuwa ce. Harafin A ya samo asali ne daga zanen kan sa, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, domin da wannan harafin sunan sa yake farawa a harshen masu zanen, kuma daga sunan ne aka sami "alif". Juya A ka ga ƙahoni. Sharaɗin ɗaya ne: yaro ya kalli hoto, sunan ya zo bakinsa, sautin farko ya kai shi ga harafin. Idan sunan da ya zo bakinsa giwa ne alhali harafin E ne, hoton bai taimake shi ba, sai dai ya ƙara masa hadda.

Malaman allo sun fi takardar nan fahimtar yaro. Da suka ce "ɗa mai hannu" ko "ba guje", siffar baƙin suka kwatanta da kalmomin da almajiri yake ji a gida.

Babban giɓin takardar shi ne abin da babu a cikinta. Tana da P, Q, V da X, waɗanda daidaitacciyar Hausa ba ta amfani da su, amma babu ɓ, ɗ, ƙ, 'y, sh da ts. Harafin C kuwa an haɗa shi da kyanwa da sautin k, saɓanin yadda muke furta shi a "ciki". Yaron da ya fara a haka shi ne zai girma bai bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, a rubuce.

Ga dabbobin kuma a ƙofar gida: akuya, biri, ɓera, carki, doki, ɗawisu, giwa, hankaka, jaki, kare, ƙadangare, maciji, raƙumi, shamuwa, tunkiya, tsaka, zomo. Jera biri kusa da ɓera, kare kusa da ƙadangare, kunnen yaro zai kama bambancin kafin malami ya yi bayani. Sai dai aikin yana son lura. Yaron Jega "hwara" yake cewa, ba fara ba, saboda haka duk mai zana hoton F sai ya fara sauraron bakin yaran yankin.

Mun san amsar iyaye: Turanci suke so 'ya'yansu su iya. Mu ma haka, domin da shi muke cin abinci. Amma yaron da ya gane cewa harafi sauti ne a harshen da yake tunani da shi, ya riga ya sami mabuɗin, Turancin ma zai zo masa da sauƙi.

Mu masu sana'ar haɗa manhaja muna da namu kason laifin. Sau da yawa takardar nan muke kwafewa zuwa cikin waya, mu ƙara mata kiɗa, alhali ɓ, ɗ da ƙ sun daɗe da samun gurbi a tsarin Unicode. Ɗaliban kwamfuta na jami'ar Aliero da mai zane ɗaya za su iya fitar da ta Hausa. Mu dai mun fara da alli a bangon zaure: mun zana giwa, muka rubuta G a ƙasanta. Yarinyar ta karanta.