Gwanin Saita Fulot

Tsohuwar Peugeot 504 ba ta da kwamfutar da za ta auna mata mai. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna kuma ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan masu ita sun daɗe da barinta. Yawancin waɗanda suka rage a kan hanya, cinsu da shansu na hannun kafireto ne, shi kuwa kafireto yana hannun wani ɗan abu marar nauyi da ke yawo a kan fetur, wanda makanikai ke kira fulot.

Aikinsa irin na ƙwallon tankin ruwa ne. Famfon mai ya turo fetur cikin ɗan kofin kafireto, fulot ya taso, ya tura allura ta toshe ƙofa. Inji ya sha, fulot ya sauka, allura ta buɗe. Dabarar tsohuwa ce, tana cikin kafireton da Bajamushe Wilhelm Maybach ya ƙera a 1893.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsayin man. Iskar da inji ke zuƙa tana ratsa wani matsattsen maƙogwaro, ita ce ke tsotso fetur daga bakin bututu, kuma an tsara man ya tsaya ƙasa kaɗan da bakin nan. Idan ya hau sama da ƙima, tsotsa kaɗan ta ishe shi fitowa, sai mai ya yi wa iska yawa. Salansa ta yi ta baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mota ta koma ba ta ƙoshi. Wani lokaci ko an kashe inji fetur na ɗiga ciki, yana wanke man da ke jikin silinda, yana gangarawa ya tsinka baƙin mai; in kuwa ya yi ambaliya a kan inji mai zafi, zancen ya zama na gobara. Idan man ya yi ƙasa, an taka totur mota ta yi tari kafin ta amsa, a kan hawa ta shaƙe, inji ya riƙa zafi. Tsakanin wannan da wancan sau da yawa bai fi 'yan milimita ba.

Shi ya sa nake ganin a nan ake bambance gwani da mai laluben sukudireba. Na biyun, da ya ji silo bai zauna ba, sai ya hau murɗa sukurori har ya samu amon da ya yi masa daɗi, mai mota ya biya ya tafi, jibi ya dawo. Gwani ya san duk saitin sukurorin nan a kan tsayin mai aka gina shi.

Kuma ba ya gaggawar lanƙwasa komai. Zai ciro fulot ya kai kunne ya girgiza: in ya ji motsin ruwa a ciki, ya huje, ya yi nauyi, babu saitin da zai raya shi. Na tagulla yakan tsoma shi a ruwan zafi ya ga ko kumfa za ta fito. Sai ya duba bakin allura, ko shekaru sun yi mata zobe. Sai mazauninta, domin ƙwayar tsatsa ɗaya daga tsohon tanki, ko ƙurar da ta biyo man galan, ta isa ta hana ta rufewa. Famfon da ya cika ƙarfi ma yakan danne allura, a ɗora wa fulot laifin da ba nasa ba.

Sai awo, kuma kowane kafireto da al'adarsa. A Weber na Italiya, a tsaye ake riƙe murfin kafireton, fulot na reto, harshensa ya taɓa ɗan ƙwallon da ke bayan allura ba tare da ya danna shi ba, sannan a auna tazarar da ke tsakaninsa da gasket. Wanda ya kifa murfin, nauyin fulot zai danne ƙwallon, awon ya yi masa ƙarya. Wasu gwanayen ko ma'auni ba sa nema, bakin na'urar huda ƙarfe mai kaurin da littafi ya faɗa suke zurawa a tazarar. Gyaran kansa lanƙwasa ɗan harshen nan ne, kaɗan-kaɗan, kuma ba a lanƙwasa shi yana kan allura, don kada a ɓata mata baki. A Solex na Volkswagen kuwa babu abin lanƙwasawa, washar da ke ƙarƙashin mazaunin allura ake canzawa: mai kauri ta sauke man, siririya ta ɗaga shi. Holley na Amurka ya fi su sauƙin kai, da rami a gefen kofin. Mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri, a juya noti har mai ya tsaya daidai gindin ramin.

Bayan an ɗaure komai, gwani ba ya sallamar mota a gareji. Zai bar inji ya ɗumama, ya daidaita silo, ya fita da ita titi, ya taka birki da ƙarfi ya ga ko za ta mutu, ya sha kwana, ya nemi hawa. In ya dawo ya kwance fulogi ya duba launinsa. Ruwan ƙasa mai haske yake nema. In ya ga baƙi ko fari fat, zai sake buɗe murfin, ko da mai motar na tsaye yana duba agogo.