Inganci da Daraja a Katunan 'Yan Ƙwallo: Nazari kan Sabon Bugun Gasar Firimiya

Katin ɗan ƙwallo ɗan ƙaramin kwali ne mai ɗauke da hoton ɗan wasa da sunansa da tambarin ƙungiyarsa, wanda ake sayarwa cikin fakiti a rufe, ta yadda mai saye ba ya sanin abin da ya samu sai ya yage ledar. Al'adar ta samo asali ne a Ingila da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da kamfanonin taba suka riƙa saka kwali a cikin kwalin sigari, kuma suka buga hotuna a kansa domin jan hankalin masu saye. Daga baya ta rabu da taba ta zama sana'a mai zaman kanta, musamman bayan da 'yan gidan Panini suka kafa kamfaninsu a birnin Modena na ƙasar Italiya a 1961, suka kuma fitar da kundin Gasar Cin Kofin Duniya na farko a 1970. Kundi a nan na nufin littafi mai gurabe da aka yi wa lamba, inda ake manna hoton kowane ɗan wasa a gurbinsa har littafin ya cika.

Bugun da kamfanin Topps ya fitar domin kakar wasa ta 2025/26 a Gasar Firimiya ta Ingila ya dace da nazari, saboda shi ne na farko bayan lasisin gasar ya koma hannunsa. Lasisi shi ne izinin da hukumar gasa ke sayar wa kamfani guda domin ya yi amfani da tambura da riguna da hotunan 'yan wasa. Topps ya daɗe yana riƙe da wannan izini, kuma a ƙarƙashinsa ne ya ƙirƙiro katunan Match Attax a 2007, kafin Panini ya karɓe shi a 2019, sannan ya dawo wa Topps a 2025, bayan kamfanin Fanatics na Amurka ya sayi Topps a 2022. Wannan sauyin hannu ya zo da sauyin tunani, domin kasuwar Amurka ta saba ɗaukar kati a matsayin kadara, alhali a Turai da Kudancin Amurka an fi saninsa da abin musaya tsakanin yara.

Ana auna ingancin sabon bugu da abubuwan da ido da hannu ke iya shaidawa. Akwai kaurin kwali da kyawun fenti, akwai daidaiton hoto a tsakiyar katin, akwai kuma kaifin kusurwoyi da santsin gefe, waɗanda su ne farkon abin da ke lalacewa idan injin yanka bai yi aiki da kyau ba. Sai dai abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne cikar jerin 'yan wasa da sahihancinsa, domin kati shaida ce ta wata kaka, kuma shaidar da ta tsallake wasu ko ta nuna su cikin rigar da ba tasu ba ta rasa rabin amfaninta. An ga misalin haka a kundin gasar ƙasashen Turai ta 2024, inda Topps ya mallaki lasisin gasar amma bai mallaki na wasu manyan ƙasashe kamar Ingila da Jamus da Faransa ba, abin da ya sa 'yan wasansu suka fito ba tare da riguna da tamburansu na ainihi ba. Haka kuma duk bugun da ake fitarwa a watan Agusta kan ci karo da kasuwar musayar 'yan wasa da ba a rufe ba tukuna, har ɗan wasa ya bayyana cikin rigar ƙungiyar da ya riga ya bari.

Daraja kuwa, wato kuɗin da kati zai iya kawowa idan aka sake sayar da shi, ba ta cika bin inganci ba, ƙaranci take bi. Saboda haka kamfanoni suka koyi ƙirƙirar ƙarancin da kansu. Sukan buga hoto guda cikin launuka dabam-dabam, su rubuta wa wasu lamba da ke nuna cewa guda 99 ko 25 ko 1 kacal aka buga, su sa ɗan wasa ya sa hannu a kan wasu, sannan su warwatsa su cikin dubban fakitoci. A gefe guda kuma akwai kamfanonin tantancewa irin su PSA, wanda aka kafa a 1991, da ke duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10 su rufe shi cikin roba, kuma tazarar farashi tsakanin maki 9 da maki 10 kan yi yawa ƙwarai.

Bambancin ƙarancin asali da na ƙirƙira shi ne ginshiƙin wannan nazari. Katin Pele na 1958, wanda wani kamfanin Suwidin ya buga, an sayar da shi fiye da dala miliyan 1 a 2022, kuma dalilin tsadarsa shi ne cewa yaran da suka same shi a wancan zamani sun yi wasa da shi har ya yage, kaɗan ne suka tsira. Sabon kati kuwa daga fakiti yake wucewa cikin roba, dubban mutane na adana shi da fatan riba, don haka da wuya ya taɓa yin ƙarancin da lokaci ke haifarwa. Amurka ta riga ta ɗanɗana sakamakon wannan a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, lokacin da aka cika kasuwa da katunan wasanni har akasarinsu suka zama marasa farashi zuwa yau.

Akwai kuma batun adalci ga mai saye, wanda galibi yaro ne ko mahaifinsa. Kundin Panini na Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018 a Rasha, wanda Ahmed Musa da sauran 'yan wasan Nijeriya suka fito a ciki, yana da gurabe 682, kuma Farfesa Paul Harper na Jami'ar Cardiff ya ƙiyasta cewa mai tarawa shi kaɗai zai kashe kimanin fam 773 kafin ya cika shi, saboda maimaituwar hotuna, alhali idan mutum goma suka haɗa kai suna musaya kuɗin kowa zai sauko zuwa kimanin fam 247. Wannan lissafi ya nuna cewa musaya ce ke sauƙaƙa al'adar, kuma ita ce ke haɗa zumunci. Idan aka mayar da hankali kan farautar kati guda mai tsada, sayen fakiti ya zama cinikin biri a sama, kuma ya kusanci caca fiye da yadda ya kamata a bar yara su kusance ta.

Saboda haka mizanin da ya fi dacewa da sabon bugun Firimiya, da duk wanda zai biyo bayansa, shi ne ko katunansa na gama-gari suna da kyau, ko jerinsa ya cika, ko an bayyana yiwuwar samun katunan musamman a fili, da kuma ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya kammala tarinsa ta hanyar musaya. Bugun da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya yi wa mai saye adalci ko da farashin katunansa bai taɓa tashi a gwanjo ba.